Sabuwar laftof da tarkacen kamfani: abin da fomatin ke sharewa da wanda yake bari

Duk wanda ya taɓa ciro sabuwar laftof daga kwali ya san ba ta zuwa ita kaɗai. Kafin ka gama rubuta sunanka, anti-bairos ɗin McAfee ko Norton ya leƙo daga kusurwar allo yana tuna maka cewa kwanakin da aka ba ka kyauta ƙidayayyu ne. Ka buɗe jerin manhajoji, sai ga wasannin da ba ka nema ba, ga tayin wurin ajiya a intanet, ga kuma wasu uku ko huɗu masu ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera na'urar: ɗaya ta rajista, ɗaya ta "taimako", ɗaya kuwa ba wanda ya san aikinta. Wannan tarkace ne ke sa mutane da yawa su yi wa kwamfutar fomatin tun ranar farko, su ɗora Windows zallarta. A ganina shawara ce mai kyau a mafi yawan lokuta. Sai dai dalilin da aka fi bayarwa, wato sauri, shi ne mafi rauni a cikin dalilan, kuma aikin ba ya kashe maganar kamar yadda ake zato.

Kuɗi ne ya kawo tarkacen. Ribar sayar da laftof, musamman masu araha, siririya ce ƙwarai, domin HP da Dell da Lenovo da Acer da Asus kusan duk wuri ɗaya suke sayen furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wajen Intel ko AMD, babbar manhajar kuma wajen Microsoft. Ba wanda zai iya tsawwala farashi ba tare da maƙwabcinsa ya kwashe masa ciniki ba. To sai mai anti-bairos ya zo ya biya a sa masa hajarsa a cikin kowace na'ura tun daga masana'anta, da lissafin cewa ranar da wa'adin gwajin ya cika, jan gargaɗi ya bayyana a allo, wasu za su tsorata su biya kuɗin shekara. Microsoft da kanta ta san da matsalar, har ta taɓa sayar da kwamfutocin waɗannan kamfanoni a shagunanta da sunan Signature Edition, abin tallarsu kawai shi ne ba a zuba musu komai ba.

Da a ce abin ya tsaya a kan talla da cin wuri, da sai a yi haƙuri. Abin da ya faru da Lenovo ne ya nuna inda haɗarin yake. Daga rabin ƙarshe na 2014, kamfanin ya riƙa fitar da wasu laftof ɗinsa da wata manhaja ta kamfanin Superfish, wadda aikinta shi ne cusa tallace-tallace a shafukan da mutum ke dubawa. Matsalarta ita ce shafukan da ke da alamar kwaɗo, irin na banki da imel, a kulle suke tsakanin burawuza da mai shafin, ba ta ganin abin da ke ciki. Don ta gani, sai ta dasa wa kwamfutar takardar shaida tata ta kanta a cikin jerin waɗanda Windows ke amincewa da su ido rufe. Daga nan duk lokacin da ka shiga shafin bankinka, ita ce ke tarar saƙon a hanya, ta buɗe, ta karanta, ta sake rufewa da hatiminta, burawuza kuma ta nuna maka kwaɗo kamar komai lafiya. Mafi muni, mabuɗin sirrin wannan hatimi iri ɗaya ne a duk kwamfutocin, yana kuma kwance a cikin manhajar. Da labarin ya fashe a Fabrairun 2015, masu bincike ba su daɗe ba suka zaƙulo mabuɗin, suka gano kalmar sirrin da ke kare shi, "komodia" ce, sunan kamfanin da ya rubuta wannan sashe. Ma'ana duk ɗan kutsen da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya kafa shafin banki na jabu, kwamfutarka ta karɓa ba ko tari. A 2017 Lenovo ta sasanta da hukumar kare masu saye ta Amurka, ta kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5.

Ba ita kaɗai ba ce. A Nuwamban 2015 aka gano irin wannan takardar shaida, mai suna eDellRoot, a kwamfutocin Dell. A 2017 aka gano direban sauti, wato 'yar manhajar da ke sarrafa sauti, a wasu laftof ɗin HP yana rubuta duk maɓallin da aka danna a cikin wani fayil da ke ajiye a fili. A 2019 kuma aka bayyana cewa masu kutse sun bi ta manhajar sabuntawa ta Asus sun raba mugun kaya da sa hannun kamfanin. Ba lallai mugunta ce ta jawo waɗannan ba, galibinsu sakaci ne. Amma irin waɗannan manhajoji suna aiki ne da cikakken iko a kan na'urar, suna magana da intanet ba tare da sun tambaye ka ba, kuma sau da yawa ba a ba su kulawar da ake ba ita Windows ɗin. Wannan shi ne babban dalilin sharewa: ka rage yawan waɗanda ke riƙe da mabuɗin kwamfutarka.

Hanyoyin rabuwa da su ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Mafi sauƙi ita ce bin su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa. Ga wanda tarkacen nasa bai wuce biyar ko shida ba, wannan ya wadatar, ba sai an tayar da ƙura ba. Illarta ita ce wasu ba sa fita da tsabta. Anti-bairos musamman yakan bar saiwa, shi ya sa McAfee da Norton kowanne yake da wata manhaja ta daban da aikinta kawai shi ne tumɓuke ragowar anti-bairos ɗinsa.

Ta biyu ita ce abin da Windows ke kira Reset this PC. Mutane da dama suna danna shi, su zaɓi a share komai, su jira awa ɗaya ko biyu, kwamfuta ta tashi, sai ga McAfee yana yi musu sannu da zuwa. Ba kuskure aka samu ba, haka aka tsara. Microsoft ta ba masu ƙera kwamfuta damar ajiye kunshin manhajojinsu da saitinsu a wani ɓoyayyen wuri a faifan ajiya, domin idan an mayar da na'urar sabuwa, ta koma yadda ta fito daga masana'anta. A wajen kamfani, "sabuwa" tana nufin har da tarkacen. Ko ka zaɓi a sauko da Windows daga intanet, zaɓin da aka ƙara a 2020, fayilolin Windows kawai ake saukowa da su, kunshin kamfanin yana nan yana jira. A wasu na'urorin akan ga tambaya a ƙarƙashin ƙarin saiti, ko a dawo da manhajojin da suka zo da kwamfutar, kuma idan ka ce a'a ana samun sauƙi sosai. Amma a ɓoye take, mai gaggawa ba zai gan ta ba.

Ta uku ita ce ɗorawa daga filash, a share faifan gaba ɗaya. Abin da ya fi hana mutane ita shi ne tsoron rasa lasisi, kuma tsoron tsohon yayi ne. A zamanin Windows 7 mabuɗin yana kan wata takarda da ake mannawa a ƙasan laftof, idan ta goge ka shiga uku. Tun daga Windows 8 a 2012, masu ƙera na'ura suna dasa mabuɗin ne a cikin madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, a manhajar da ke tayar da kwamfuta, wadda har yanzu ake ce wa BIOS. Fomatin ba ya isa can. Manhajar ɗora Windows tana karanta mabuɗin da kanta, ko tambayarka ba ta yi, da ka hau intanet kuma lasisin ya tabbata. Abu ɗaya da za a sani: Windows tana da nau'in Home da na Pro, idan na'urar da Home ta zo, Home za ta koma. Wanda ya sayi Pro daga baya sai ya sake sa nasa mabuɗin.

Aikin kansa ba wuya. Ka sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka ba shi filash mai aƙalla gigabait 8, ka kuma sani zai share duk abin da ke kai. Wasu sun fi son sauko da fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin a dunƙule cikin fayil ɗaya, su rubuta shi a filash da manhajar Rufus, duk ɗaya ne. Ka kashe laftof, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a yawancin Asus. Wurin da hannu ke rawa shi ne allon da ke nuna yadda aka yanka faifan. Za ka ga layuka huɗu ko biyar, wani lokaci fiye: ƙarami na tayar da kwamfuta, wani ɗan mitsitsi na megabait 16, babba da Windows da fayilolinka suke ciki, sai ɗaya ko biyu a ƙasa masu sunan farfaɗowa. Ka bi su ɗaya-ɗaya kana gogewa har ya rage layi guda na fili babu kowa, ka zaɓe shi, Windows ta yanka abin da take buƙata da kanta. Idan laftof ɗin tana da faifai biyu, ka dubi lamba da girman kowanne da kyau kafin ka taɓa, domin a wannan allon babu "na fasa". Ba sai an faɗa ba, hotuna da takardu da kalmomin sirrin da burawuza ke riƙe maka sai an kwashe su tun kafin a zo nan. Lasisin Office da makamantansa ma a tabbatar yana ɗaure da asusu.

Tarko biyu ne suka fi kama mutane a tsakiyar aikin, kuma duka biyun maganar direba ce, wato 'yar manhajar da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da wani sashe na na'urar. Na farko, ka iso allon faifan nan ka tarar da shi wayam, kamar ba faifai a cikin kwamfutar. Wannan ya yi yawa a laftof masu furosesan Intel daga zubi na 11 zuwa sama, inda faifan ke bayan wata fasaha da ake kira VMD. Faifan lafiyarsa ƙalau, direban Intel RST ne babu a filash ɗin. Maganinsa ka sauko da shi daga shafin kamfanin tun da wuri, ka ajiye a filash, ka nuna wa manhajar ɗorawa inda yake. Na biyu ya fi ban haushi. Windows 11 tana dagewa sai ka hau intanet ka shiga asusun Microsoft kafin ta bar ka ka ƙarasa, alhali ba ta gane katin Wi-Fi ɗinka ba. Kana buƙatar intanet don samun direba, kana buƙatar direba don samun intanet. Mafita mafi sauƙi ita ce haɗa waya da kebul a ba kwamfutar intanet ta nan, ko a jona mata wayar intanet idan tana da ramin. Akwai dabarun tsallake wannan mataki da ke yawo, amma Microsoft tana bi tana toshe su, wadda ta yi aiki bara ba lallai ta yi bana ba.

Akwai dabarar da ke rage duk wannan wahala, ban san dalilin da ya sa ba a cika ambatonta ba. Kafin ka share komai, Windows ɗin da kamfani ya ɗora tana ɗauke da duk direbobin da suka dace da na'urarka. Umarni guda na pnputil, ko na DISM, kayan aikin da ke cikin Windows, zai kwafe su duka zuwa wata jaka a filash cikin 'yan mintuna. Direbobin ne zalla, ba tallan da ke rakiyarsu. Bayan ka gama ɗorawa, duk abin da ya ƙi aiki sai ka nuna masa wannan jaka.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu zafin sharewa ba sa son ji: ba duk abin da ke ɗauke da sunan kamfani ne tarkace ba. Laftof ba kamar kwamfutar tebur ba ce, kowace da irin ginin da aka yi mata. Saitin da ke tsayar da cajin batir kafin ya cika, don ya daɗe bai lalace ba, a na'urori da yawa cikin manhajar kamfani yake, kamar Lenovo Vantage ko MyASUS. A laftof ɗin wasanni, saurin fanka da yawan wutar da furosesa ke ja suna hannun manhajoji irin su Armoury Crate ta Asus. Maɓallan Fn na ƙara haske da kashe makirfo wani lokaci sai da 'yar manhajarsu. Lasifikan laftof ƙanana ne, abin da ke sa su yi daɗin ji gyaran sauti ne da aka auna wa wannan samfurin, shi ya sa wani zai yi fomatin ya ji sautin ya koma siriri, ya rasa dalili. Haka launin allo. Wasu Asus suna zuwa da wata jaka mai suna eSupport da ke ɗauke da irin waɗannan, kuma tana tafiya tare da fomatin idan ba a kwafe ta ba. Gwanintar ba a gogewa take ba, kowa zai iya gogewa. Tana wajen sanin guda biyu ko uku da za ka dawo da su da hannunka, ka bar sauran.

Ko bayan an yi komai daidai, tsugune ba ta ƙare ba, saboda tarkacen hawa-hawa ne. Na mai ƙera na'ura kawai fomatin ke sharewa. Microsoft tana da nata. Windows 10, wadda ta fito a Yulin 2015, ta zo da Candy Crush a jerin farko, Windows 11 kuma tana zuwa da gumakan manhajojin da suke sauka da zarar ka taɓa su, da naci a kan OneDrive da Microsoft 365, da burawuzan Edge da ba ya cirewa ta hanyar da aka saba. Abin lura, a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa kamfanin barin mutane su cire Edge tun 2024, wanda ke nuna cewa hanawar ba larurar fasaha ba ce. Yawancin sauran dai danna dama ne ka cire, minti goma sun isa.

Sai hawa na gaba. Windows Update tana gane samfurin na'urarka, tana sauko da direbobi, wasu direbobin kuma suna janyo manhajar rakiyarsu. Ka kwana da kwamfuta tsaf, ka tashi ka ga manhajar sauti ko ta kamfani ta dawo. Galibi waɗannan ba su da illa, wasu ma su ne masu amfanin da aka ambata.

Hawa na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Tun Windows 8 akwai wata ƙofa mai suna WPBT, wadda ke ba BIOS damar miƙa wa Windows wani fayil ta gudanar da shi duk lokacin da kwamfuta ta tashi. An yi ta ne don abubuwa irin manhajar bin sawun kwamfutar da aka sace, wadda bai kamata ɓarawo ya iya gogewa ba. A 2015 aka gano Lenovo tana amfani da BIOS wajen dawo da manhajarta, Lenovo Service Engine, a kan Windows ɗin da mutum ya ɗora da hannunsa daga faifai mai tsabta. Ko sabon faifan ajiya ka saka, tana dawowa, don ba a faifan take zaune ba. Da aka gano tana da ramin da za a iya kutsawa ta ciki, kamfanin ya fitar da sabon BIOS da ya cire ta. Ƙofar dai tana nan, wasu kamfanonin suna bi ta ita har yau, shi ya sa yana da kyau a leƙa saitin BIOS kafin a fara, a kashe duk wani zaɓi da ke maganar sauko da manhajar kamfani kai tsaye, idan akwai.

Ganin Windows ta asali ma ba ta rasa nata kayan ba, sai wasu su koma ga waɗanda ake kira "marasa nauyi", wato Windows da wani ya buɗe ya yanke mata sassa ya saka a intanet. A nan ba ni da sassauci: gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka guje wa kamfanin da ke da suna da adireshi, wanda hukuma ta iya kai wa kotu, ka miƙa na'urarka ga mutumin da ba ka san ko sunansa ba. Ba ka da hanyar sanin abin da ya ƙara yayin da yake ragewa. Ko da mai gaskiya ne, abin da aka fi yankewa don a nuna ƙarancin cin RAM shi ne Defender, anti-bairos ɗin Windows, da sashen sabuntawa, wato masu gadin. Microsoft tana wallafa lambar tantancewa ta SHA-256 a shafin da ake sauke ISO, domin ka gwada ka tabbatar ko harafi ɗaya bai canza ba. Mai Windows "mara nauyi" kuwa sai dai ka yarda da bakinsa. Dogayen umarnin "tsaftace Windows" da ake kwafowa a manna ba tare da an karanta ba, su ma 'yan gida ɗaya ne, ko da yake nasu da sauƙi tunda a buɗe suke ga mai iya karantawa. Sukan cire abin da wata manhajar ke dogara da shi, matsalar kuma ba ta bayyana sai bayan watanni, ranar da sabuntawa ta ƙi shiga.

Batun sauri kuwa, a faɗi gaskiya. A laftof mai RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa, cire manhajoji goma da ke tashi tare da Windows yana kawo bambancin da ido ke gani. A mai SSD, wato faifan zamani mara juyawa, da RAM gigabait 16, da wuya ka lura, in ban da raguwar saƙonnin da ke katse maka aiki da ɗan sauƙin batir. Wanda kwamfutarsa ke jan ƙafa saboda faifai mai juyawa, sauya shi da SSD zai yi masa abin da fomatin goma ba zai yi ba.

Wanda kuma ya gaji da wasan gaba ɗaya yana da Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows. Nau'o'inta irin Ubuntu ko Linux Mint suna tashi daga filash ba tare da sun taɓa faifanka ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara kafin ka yanke hukunci, ƙofar WPBT ma ba ta aiki a can. Tambayar kawai ita ce ko manhajojin da kake cin abinci da su suna gudana a kai. Zaɓin ya ƙara nauyi tun da wa'adin tallafin Windows 10 ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 tana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesan da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi.

Laftof ɗin ofis ko ta makaranta ba a yi mata wannan aiki sai da izinin masu ita, sau da yawa ma an yi mata rajista ta yadda da ta hau intanet za ta koma hannunsu. Ga mai tasa ta kansa, saura abu ɗaya bayan an gama. Sabbin zubin Windows 11, musamman daga zubin 24H2, sukan kulle faifan da kansu da makullin Windows mai suna BitLocker idan ka shiga da asusun Microsoft, su ajiye mabuɗin buɗewa mai lamba 48 a cikin asusun. Kariya ce mai kyau idan an sace na'urar. Amma sabunta BIOS ko canjin madabod na iya sa kwamfutar ta tsaya a shuɗin allo ta ce sai ka kawo lambar, kuma wanda ya buɗe asusun a gurguje don kawai ya wuce matakin ɗorawa, ya manta kalmar sirrinsa, ba mai iya buɗe masa fayilolinsa, har ita Microsoft ɗin. Ka shiga asusun a ranar, ka kwafi lambar, ka ajiye ta a wani wuri da ba cikin laftof ɗin ba.